Yarona ya ƙi makaranta, an ce mu gwada makarantar daji

Maman Sadiq:
Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da dare. Don Allah shawara nake nema, ku yi haƙuri rubutun zai yi tsawo don abin ya daɗe yana ci na a rai. Wasunku sun san muna zaune a arewacin Ingila shekara 6 ke nan, aikin maigidana ne ya kawo mu. Yarona na biyu, Abba muke ce masa don sunan kakansa ne da shi, shekararsa 9. Tun yana aji biyu abin ya fara, duk daren Lahadi sai ciwon ciki, safiyar Litinin sai amai, mun je asibiti an duba komai an ce lafiyarsa ƙalau. Na yi faɗa, na yi lallashi, na hana kallo, ba abin da ya canja. A bara sai da aka kira ni a waya na je na same shi a ƙarƙashin tebur ya toshe kunnuwansa da hannu biyu, yara wajen talatin suna kallonsa. Karatu kuwa har yau yana rikita b da d, layi ɗaya sai ya ɗauke shi minti biyar gumi na keto masa, alhali yayansa bai taɓa ba ni wannan wahalar ba.

To sai matar da ke kula da yara masu buƙata ta musamman a makarantar ta ce a sa shi cikin wani shiri da suke kira makarantar daji, duk ranar Alhamis. Yara 8, manya 2, a wani ɗan kurmi da ke bayan wata gona. Ba allo ba littafi, ba a cewa yau ga abin da za a yi, kayan aiki ne a shimfiɗe kan tamfol, igiya, zarto, guduma, ƙananan wuƙaƙe, yaro ya zaɓi abin da ransa ke so. Wlh da farko raina ɓaci ya yi, na ce wato sun gaji da shi ne za su kai shi wasa. Amma sati na biyar suka ce iyaye su zo su gani, na je cikin sanyi da taɓo. Na iske Abba a durƙushe yana ƙoƙarin kunna wuta da wani ɗan ƙarfe da ake gogawa ya yi tartsatsi a kan auduga, na duba agogo, minti 40 yaron nan yana abu ɗaya bai ɗago kai ba, yaron da aka rubuto min cewa ba ya iya zama minti uku. Malamar tana tsugune nesa kaɗan ba ta karɓa ta yi masa ba, abin da kawai ta ce shi ne ya yayyaga audugar ta yi sako-sako. Da ta kama ya ɗago ya ce Umma kin gani, ban bari ba. Na juya baya na share hawaye.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. Wurin suna karɓar yaran da aka cire daga makaranta gaba ɗaya, kwana uku a sati, biya ake yi. Ni zuciyata ta karkata in cire shi. Babansa ya ce sam, ba mu baro gida don ɗansa ya zama ɗan daji ba. Surukata kuma ta ce a dawo mata da shi gida a yi masa rubutu a sa shi makarantar kwana. Me kuka gani?

Abban Hanifa:
Wa alaikumus salam. Allah ya shirya mana zuri'a. Maman Sadiq ki yi haƙuri da abin da zan faɗa, ni dai ina bayan maigidanki ɗari bisa ɗari. Wane yaro ne a duniya za a ce masa zaɓi tsakanin lissafi da kunna wuta ya zaɓi lissafi? Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Mu ma ba don muna so muka yi makarantar ba, da kuka aka riƙa kai mu, yau ga shi muna cin amfaninta. In ya kai shekara 16 sa'o'insa suna rubuta jarabawa shi me zai nuna, igiyar da ya ƙulla? Ki bar shi a aji, ki samo mai yi masa lesin da yamma, zai saba.

Maman Sadiq:
Na gode Abban Hanifa. Lesin mun yi, shekara ɗaya da rabi, malamai biyu. Abin da ya ƙaru shi ne ya fara fitsarin kwance, wanda ya bari tun yana shekara uku.

Anti Malama:
Allah sarki Abba. Abban Hanifa ka tsaya ka sake karanta abin da ta rubuta, yaro mai amai da fitsarin kwance ba ƙiwa yake yi ba, tsoro ne ya cika masa ciki. Shekarata 19 ina koyarwa a firamare a Kaduna kuma irin su Abba ba shekarar da ba na samun su, sai dai mu a nan aji ɗaya yara tamanin, casa'in, wa ke da lokacin lura? Su ne 'yan bayan aji, ana ce musu daƙiƙai tun suna kuka har su yarda da sunan, a aji biyar ko shida su sulale su tafi garejin kanikanci, ka dawo bayan shekara biyar ka tarar yaron da ka ce bai san komai ba yana kwance injin mota ya ɗaure shi ba tare da kusa ɗaya ta yi saura ba. Na taɓa samun wani a aji huɗu da ba ya iya rubuta sunansa daidai, amma ranar da muka fita dasa itatuwa a harabar makaranta shi ya nuna mana cewa ramin ya yi zurfi da yawa, shi ya yi wa kowane dashe ɗan kwari don ruwa ya tsaya, ya kewaye da ƙaya saboda awaki, yara duk suka koma bin umarninsa. Tun daga ranar ya fara ɗaga hannu a aji.

Amma 'yar uwa ga inda zan ja miki kunne. Karatu ba kamar magana ba ne. Yaro zai koyi magana da kansa don yana jin mutane, amma haɗa baƙi da wasali sai an zaunar da shi an koya masa, balle Turanci da rubutunsa daban furucinsa daban. Hausa in ka san sautin harafi ka gama, Turanci kuwa kalma ɗaya sai ta zo da haruffan da ba a furta su. Mai irin matsalar Abba ya fi kowa buƙatar a bi da shi sauti bayan sauti, kullum, kaɗan kaɗan. Dajin zai dawo masa da zuciyarsa amma itace ba zai koya masa bambancin b da d ba.

Baban Ilham:
Bari in sa baki tunda a Jamus nake kuma 'yata ta yi irin wannan. Abin ba sabo ba ne, daga ƙasashen arewacin Turai ya taso. A Denmak tun shekarun 1950 wata mata Ella Flatau ta fara fita da yara daji kullum, a Suwidin ma suna da nasu tun 1957. A nan Jamus wadda gwamnati ta fara amincewa da ita a Flensburg aka buɗe a 1993, yanzu sun haura dubu. Ingila kuma a 1993 ɗin ne ma'aikatan wata kwaleji ta Bridgwater suka je Denmak suka gani suka kawo. Ilham ta yi shekara uku, ko ana ruwa ko ana ƙanƙara suna waje, wani tsohon wagon ne kawai mafakarsu in iska ta yi ƙarfi. Ta fito da ƙarfin jiki da rashin tsoro, ba ta da yawan mura ma. Sai dai ku lura, a nan na yara ne daga shekara 3 zuwa 6, kafin firamare. Da ta cika shida dole aji, don a Jamus doka ta hana karantar da yaro a gida, in ka ƙi kai shi tara ce, in ka yi taurin kai har kotu. Wato su da suka fi kowa yawan makarantun dajin ba su ɗauke ta a madadin aji ba, share fage suka ɗauke ta.

Abban Hanifa:
Yawwa. Kun ji ko. Masu abin ma sun san iyakarsa.

Ɗalibin Ilimi:
Ranka ya daɗe ba duka ba. Akwai wuraren da aka bar yaro ya ja ragamar karatunsa har ya girma kuma sun daɗe suna yi. Summerhill a Ingila A. S. Neill ya kafa ta a 1921, har yau tana nan a Suffolk, shiga aji ganin dama ne, kuma dokokin makaranta a taro ake yin su, ƙuri'ar yaro ɗan shekara shida daidai take da ta shugaban makaranta. A 1999 masu duba makarantu na gwamnati suka taso mata kan sai an tilasta shiga aji, aka je gaban shari'a a 2000, aka ƙare da sulhun da ya bar ta a kan tsarinta. A Amurka akwai Sudbury Valley a jihar Massachusetts tun 1968, yara daga shekara 4 zuwa 19, ba manhaja ba jarabawa ba aji aji, kuma da yawa daga waɗanda suka gama sun wuce jami'a. A Indiya Tagore ya buɗe tasa a Santiniketan a 1901 ana karatu a gindin bishiyoyi, shi kansa ƙin makaranta ya yi yana yaro, ya zo ya ci kyautar Nobel a 1913. Hujjarsu ita ce yaro in abu ya kama ransa zai koye shi cikin wata uku abin da tilas ba ta koya masa a shekara uku ba.

Abban Hanifa:
Ƙanina, 'ya'yan su wa ke zuwa waɗannan makarantun? Na kuɗi ne, gidajensu cike da littattafai, uwa ta yi jami'a uba ya yi jami'a, ko yaron bai koyi komai ba akwai dukiyar da zai faɗa a kai. Shi Tagore ɗin gidansu gidan attajirai ne da malamai, malamai ake kawo masa har gida. Ɗan baƙar fata kuma Musulmi a Ingila ba shi da wannan gatan, takarda ce kariyarsa. Kada mu ɗauko rigar wani mu sa wa yaron mutane.

Ɗalibin Ilimi:
Wannan maganar taka gaskiya ce ban musa ba. Abin da nake cewa kawai kada a ce ba a taɓa yi ba.

Alaramma:
Salamu alaikum. Ina ta karantawa ina murmushi don wani ɓangare na abin da kuke danganta wa Turawa muna da shi a makarantar allo tun kaka da kakanni. A tsangaya ba a cewa duk 'yan shekara tara su kasance a shafi ɗaya. Kowa da allonsa, wannan yana babbaƙu, wancan yana farfaru, wani ya yi nisa a izu goma, a inuwa ɗaya suke zaune. Ba ka wanke allonka sai ka biya wa malam ya ji ya zauna, in kwana biyu ya ɗauke ka to, in sati biyu ne to, ba wanda zai ce an bar ka a baya don ba tsere ake ba. Yaro da hannunsa yake fiƙe alƙalaminsa, ya dafa tawadarsa da ƙaro, ya je ya yo itacen da za a hura a yi karatun dare. Na ga yaran da boko ta ce ba su da kai sun haddace izu sittin.

Amma ban ce yaro ke zaɓar abin da zai karanta ba, a'a, hanya ɗaya ce daga Fatiha har Baƙara, saurin tafiya ne nasa. Kuma ba zan ɓoye ba, dorina ta kori yara da yawa daga karatu a wurinmu kamar yadda ta kora a boko, ni na ajiye ta shekara goma ke nan ban ga abin da na rasa ba. Maman Sadiq rubutun da surukarki ta ce ba laifi ba ne, addu'a ce, a yi masa. Amma raba yaro mai tsoro da uwarsa a kai shi makarantar kwana, wannan ban ba da shawara ba.

Hajiya Babba:
Wannan ƙarfen da kika ce yana gogawa ai ƙyastu ne 'yata. Kakana da shi yake kunna lofensa, da ƙanƙara da audugar rimi a 'yar jakar fata. Ikon Allah, abin da muka yar shi ake biyan kuɗi a koya.

Ɗan Ruga:
Hajiya gaskiya kika faɗa. Ni a ruga na tashi, ban shiga aji ba sai ina shekara 11. Ina da shekara 8 ana ba ni maruƙa in fita da su ni kaɗai, na san kowace saniya da sunanta da na uwarta, na san ciyawar da in sun ci cikinsu zai kumbura, na san sabara da geza da kalgo da aduwa da abin da kowanne ke magani, in na ga sawu a rairayi na san na maciji ne ko na damo. Ba wanda ya zaunar da ni ya ce yau darasin bishiya za mu yi, bin yayyena nake ina gani, in na yi kuskure saniya ta shiga gonar mutane in sha faɗa. Makarantar 'ya'yan makiyaya ce ta zo kusa da mu, irin waɗanda aka fara bayan an kafa hukumarsu a 1989 zamanin Babangida, Farfesa Jibril Aminu ne ya tsaya wa abin yana ministan ilimi. Cikin shekara uku na kamo waɗanda suka riga ni, lissafi ma ya zo min da sauƙi don na saba ƙirga da ka. Yau ina aikin jinya.

Amma Abban Hanifa yana da gaskiya ta wani gefen. Mu goma sha wani abu ne sa'o'i a rugar, ni da mutum ɗaya muka yi karatu. Sauran sun fi ni sanin daji har gobe amma in an ba su takarda a asibiti ko a kotu sai sun nemi mai karanta musu, kuma ana cutarsu ta nan. Ilimin daji ya ba ni ƙafar tsayawa, bai ba ni karatu ba, sai da wani malami ya zauna da ni a kan tabarma da alli.

Mushe na Maraɗi:
Ku gafarce ni, ni abin ga yana sosa min rai ta wani wuri daban. Mu nan yaranmu da yawa a waje suke karatu amma ba zaɓi ba ne, rashin aji ne. Rumfar zana ake kafawa bayan an girbe hatsi, shi ya sa wasu lekol ba su fara karatu da wuri, damina ta faɗi kuma a watse. A Nuwamban 2021 nan cikin Maraɗi wuta ta kama irin rumfunan ga yara fiye da 20 suka rasu, ƙanana 'yan shekara biyar shida, kafin nan a Afrilu an yi irinta a Yamai. In na ji ana yabon karatu a waje sai in tuna da su. Wanda ke da gini da fanka da littafi shi ke marmarin gindin bishiya. Ban ce Maman Sadiq ta yi laifi ba, Allah ya ba yaronta lafiya, ina dai so mu san ba matsala ɗaya gare mu ba.

Uwar Gida Katsina:
Mushe ka taɓo inda ke min ciwo. Mu yanzu kalmar daji ma tsoro take ba mu. Tun da aka kwashe yaran Ƙanƙara sama da 300 a Disamban 2020, aka zo aka kwashe 'yan matan Jangebe a Fabrairun 2021, wace uwa ce za ka ce mata za a kai ɗanta makarantar daji ta saurare ka? Mu da muke yara muna zuwa cin kanya da magarya da ɗinya har bayan gari mu dawo da magariba, 'ya'yana ko gonar babansu ba su taɓa takawa ba. Daga aji sai lesin sai Islamiyya sai waya. Abin da na iya yi shi ne na cika buhunan siminti da ƙasa a tsakar gida, kowane yaro na ba shi uku ya shuka abin da yake so, ɗaya ya sa tumatir, ɗaya kuɓewa, autar ta ce ita gyaɗa. Wanda ya fi ba ni wahala a karatu shi ya fi kowa kula da nasa, har littafi ya buɗe yana rubuta ranar da ya shuka da ranar da ta tsiro, yaron da sai na yi da gaske yake riƙe biro.

Dakta:
Sannunku. Maman Sadiq ina aiki da yara a nan Ingila, bari in faɗi abin da na sani. Abin da kika gani a kurmin ba idonki ne ya yaudare ki ba. Akwai wani ɗan bincike da aka yi a Jami'ar Illinois aka buga a 2009, yara 17 masu ADHD, wato matsalar rashin natsuwa da kasa zama wuri ɗaya, aka riƙa fita da su tafiyar minti 20, wata rana a lambun shaƙatawa, wata rana a tsakiyar gari, wata rana a unguwa, aka auna natsuwarsu bayan kowace, ta bayan lambun ta fi. Amma ki lura yara 17 ne kacal, kuma natsuwa aka auna ba iya karatu ba. Hujjar da ta fi ƙarfi a kan zama a waje ta ido ce, a Guangzhou ta ƙasar Sin an ƙara wa 'yan firamare minti 40 a waje kullum na shekara uku, waɗanda suka kamu da rashin ganin nesa suka zama kashi 30 cikin ɗari maimakon kusan 40.

Tambayata, an taɓa gwada shi a kan disleksiya, wato matsalar da ke sa karatu da rubutu su yi wa yaro wuya? An duba jinsa da ganinsa? Toshe kunnen nan ma abin dubawa ne, wasu yaran hayaniyar aji ce ke musu yawa kamar ana buga musu ganga a ka. Kina da haƙƙin rubuta wa ƙaramar hukumarku da kanki ki nemi a auna buƙatunsa don a ba shi takardar da ake kira EHCP, mai bayyana tallafin da dole a ba shi a karatu, ba sai makaranta ta nema ba, doka ta ce a kammala cikin sati 20 ko da yake a aikace yakan wuce haka. Shawarata ki fara wannan yana cikin rajistar makaranta. In kika cire shi yau nauyin komai ya dawo kanki.

Maman Sadiq:
Dakta ido da kunne an duba. Na disleksiya sun ce a jira, ni kuma ban san zan iya nema da kaina ba wlh. Na gode ƙwarai.

Uwar Biyu:
'Yar uwa ni na yi abin da kike tunanin yi, shekara uku ke nan, don haka bari in gaya miki daɗinsa da ɗacinsa. Ta fuskar doka ba matsala, sashe na 7 na dokar ilimi ta 1996 cewa ya yi iyaye su tabbatar yaro na samun cikakken ilimi ko a makaranta ko ta wata hanya, wasiƙa na rubuta wa hedimasta aka cire sunanta. Kada dai ki riƙa ajiye shi a gida sunansa na rajista, wannan tara ce, fam 80 kan kowane mahaifi in ba a biya cikin kwana 21 ba ta koma 160.

'Yata tana shekara 10 lokacin, ta daina cin abinci ta daina magana. Wata huɗu na farko ba abin da ta yi sai tonon tana da kallon tsuntsaye, hankalina ya tashi na ce na kashe mata rayuwa. Daga baya son tsuntsayen ne ya ja ta ga littafi, tana son ta san sunan wanda ta gani, daga nan ta fara zana taswirar inda suke tafiya in sanyi ya zo, ranar da ta gano cewa wasu tsuntsayen da ke bayan gidanmu har Afirka ta Yamma suke zuwa su yi hunturu ta ƙetare Sahara, ta zo da gudu tana cewa Mama garinku suke zuwa. Yanzu tana karatu fiye da yadda nake zato.

Ɗacin kuma, na bar aikina, albashi ɗaya muke ci. Kuɗin kurmin mu ke biya, mai koya mata lissafi mu ke biya, in lokacin GCSE, jarabawar gama sakandare, ya zo mu za mu nemo cibiyar da za ta zauna mu biya kowace takarda. Kwana biyun da ba ta zuwa kurmi ni ce malama ni ce ƙawa, akwai ranar da nake shiga banɗaki in yi kuka in wanke fuska in fito. Kuma ita kaɗai ce baƙa mai ɗankwali a wurin, sai da na zauna da su a kan abinci da lokacin salla. Masu cewa a bar yaro ya koya da kansa ba sa gaya miki cewa sai babba ya tsaya a kansa fiye da da, kina lura da abin da ya kama ransa kina kawo masa kayan da zai ci gaba. In maigidanki bai yarda ba kada ki fara, aikin ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Akwai hanya ta tsakiya, wasu kwanaki a makaranta wasu a waje sunansa na rajista, amma sai hedimasta ya ga dama, ba dole ba ne a kansa.

Abban Hanifa:
Uwar Biyu Allah ya saka miki, kin faɗi gaskiya ba ki ɓoye wahalar ba. Maman Sadiq ban san da maganar fitsarin kwancen ba lokacin da na fara magana, ki yafe ni in na yi tsauri. Har yanzu ina kan cewa kada a raba shi da aji gaba ɗaya. Amma in kwana ɗaya ko biyu a kurmin zai sa ya iya zaman sauran kwanakin, ban ga aibu ba.

Hajiya Babba:
'Yata ki bar jayayya da maigidanki a kan wannan, shi ma tsoro yake ji irin naki, yana ganin ya kawo ku ƙasar mutane kada ya koma gida da yaron da bai yi karatu ba a ce laifinsa ne. Kada ki ce masa komai, ki roƙe shi ya ɗauki hutun rabin yini ranar Alhamis ya kai yaron da kansa ya tsaya ya gani. Gani ya kori ji. Ita kuma surukarki ki kira ta da ladabi ki ce ta sa a yi masa addu'a a aiko da rubutun, kin ba ta nata matsayin ke nan, maganar makarantar kwana za ta mutu da kanta.

Maman Sadiq:
Assalamu alaikum, na dawo bayan sati uku, na ga wasu sun bi ni ta akwati suna tambaya, Allah ya bar zumunci. Na bi shawarar Hajiya. Babansa ya je, ya dawo takalminsa duk taɓo bai ce min uffan ba sai da dare, ya ce ashe yaron nan yana magana haka? Wai ya tarar yana koya wa wani ƙaramin yaro yadda ake riƙe wuƙa, yana gaya masa sai ya miƙa hannu ya juya ya tabbatar ba kowa kusa da shi kafin ya fara fiƙe sanda. Bai yarda a cire shi ba, ni ma bayan abin da Uwar Biyu ta rubuta jikina ya yi sanyi. Mun je tare wurin hedimasta, ta amince da kwana biyu a kurmi, Talata da Alhamis, na zango ɗaya a gani, Alhamis su ke biya Talata mu. Na aika wasiƙar neman gwajin ranar Juma'a, Dakta na gode da kika duba min ita. Anti Malama kaɗan kaɗan ɗin da kika ce muna yi, minti goma kullum bayan Asuba, haruffa uku kawai, a tire na zuba gishiri yana rubutawa da yatsa, ya fi yarda da hakan a kan biro.

Daren Lahadin nan ya yi ciwon cikin amma bai yi amai ba, ya tafi. Fitsarin sau biyu a satin nan. Jiya ya ce in tambayi Kawu na ruga, wai in maciji ya wuce a kan rairayi ta yaya ake gane inda kansa ya nufa. Ɗan Ruga in kana kusa don Allah ka amsa masa, ya hana ni sakat.